Pierre Allain: Bafaranshen da ya koyi hawan tsauni a kan ƙananan duwatsun daji

Duk wanda ya shiga dajin Fontainebleau da ke kudu da birnin Paris da safiyar Lahadi zai tarar da abin da zai ɗaure masa kai. Manyan mutane, maza da mata, wasu har da furfura, sun kewaye wani dutse da tsayinsa bai fi katangar gida ba. Kowa ya shimfiɗa ɗan guntun darduma a ƙasa yana goge tafin takalminsa kamar mai shirin shiga ɗakin amarya.

Idan kuwa an kwana ana ruwa, sai ka ga mutum ya kai hannu ya shafa dutsen, ya dubi tafinsa, ya girgiza kai, ya koma ya zauna. Ya yi tafiyar kilomita kusan 60 daga Paris, wani ma daga Japan ko Amurka ya taso, amma ba zai hau ba sai dutsen ya sha iska.

Faransawa na kiran wannan wasa bloc, masu magana da Ingilishi kuma na ce masa bouldering. Hawa ne na gajeren dutse, ba igiya, ba tsani, sai hannu da ƙafa. Yau wasan ya kai har gasar Olympics, inda ya fara bayyana a Tokyo a 2021, aka sake yin sa a Paris a 2024. Amma shekara 90 da suka wuce, manyan masu hawan tsauni na Turai kallon wasan yara suke yi masa. Mutumin da ya fi kowa sauya wannan kallo shi ne Pierre Allain, wanda aka haifa a 1904 ya rasu a 2000.

Ɗan ƙasar da ba ta da tsauni

An haifi Allain ranar 7 ga Janairun 1904 a Mirebeau, wani ƙaramin gari a yammacin Faransa, yankin gonaki da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A Paris ya yi ƙuruciyarsa ta hawan dutse, ita ma Paris ɗin ba ta da tsauni. Tsaunukan Alps, inda ake yin suna a wannan harka, suna can ɗaruruwan kilomita a kan iyakar Faransa da Italiya da Suwizalan. Mazaunin Paris mai aikin yi ba ya samun zuwa can sai a ɗan hutun bazara.

A wancan zamani, tsauni na 'yan tsauni ne. A garin Chamonix da ke gindin Mont Blanc akwai ƙungiyar jagorori tun 1821, sana'ar da ɗa ke gada daga uba. Mai kuɗi ya zo daga birni, ya ɗauki jagora, a ɗaura masa igiya a kai shi sama a dawo da shi. Masu son hawa da kansu ba jagora sun fara yawaita bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, har suka kafa ƙungiyarsu mai suna Groupe de Haute Montagne a 1919. Da yawa cikin waɗanda suka kafa ta 'yan Paris ne. Matsalarsu ɗaya ce: ina za su yi atisaye a watanni goma sha ɗayan da ba sa tsauni?

Amsar tana dajin Fontainebleau, wanda suke taƙaitawa su ce Bleau, su kuma ana kiransu Bleausards.

Dajin tsohon wurin farautar sarakunan Faransa ne, kuma a fadar da ke tsakiyarsa Napoleon ya sauka daga mulki a 1814. Abin da ya ja hankalin masu hawa shi ne dubban duwatsu da ke warwatse a ƙarƙashin itatuwa, a kan farin yashi mai laushi. Masana ƙasa sun ce teku ne ya bar wannan yashi kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce, daga baya wani sashensa ya daskare ya zama dutse. An daɗe ana fasa shi ana shimfiɗa titunan Paris da shi. Wanda ya tsira daga masu fasa dutse shi ne ya zama makarantar su Allain.

Ba shi ya fara hawa a wurin ba. Tun kafin yaƙin farko akwai wani gungu na matasa da ke zuwa, kuma Jacques de Lépiney ya hau wata tsaguwa da ake kira Prestat a 1914, wadda har yau ake hawanta. Allain ya shigo sahun ne wajajen farkon shekarun 1930, yana dab da shekara 30. A ma'aunin 'yan wasan yau, ya makara ƙwarai.

Dutsen da ba ya son ruwa

Ba za a gane abin da Allain ya yi ba sai an gane irin dutsen.

Mafi yawan duwatsun Fontainebleau ba su da wurin kamawa. Iska da ruwa sun goge su sun zama kamar bayan tukunya ko bayan giwa, ba baki, ba kaifi. Mai hawa yakan ɗora tafin hannunsa ne a kan wani ɗan tudu, ya danna, ya dogara da yadda fatarsa ta manne da ƙwayoyin yashin da ke jikin dutsen. Ƙafa kuma takan tsaya a kan ɗan ƙurji da bai fi ƙwayar gero ba. Idan an kai sama, nan ne ma aikin yake, don babu abin ja. Dole mutum ya tura jikinsa sama da tafin hannu, kamar mai fitowa daga rijiya ba igiya.

Duk wannan ya dogara ne da bushewa. Arewacin Faransa kuwa ba shi da rani da damina irin wanda aka sani a nan. Ruwa na iya sauka a kowane wata, kuma daga kaka zuwa ƙarshen hunturu hazo mai laima kan kwanta a dajin har hantsi. Duwatsun da ke ƙarƙashin inuwa, musamman gefen da ke kallon arewa wanda rana ba ta cika taɓawa ba, gansakuka kan rufe su su yi kore shar. Wurin da mutum ya tsaya daram jiya, yau sai ƙafa ta zame kamar an shafa sabulu.

Abin takaicin shi ne lokacin sanyi ne dutsen ya fi kamuwa, domin hannu ba ya gumi. Wato watannin da suka fi daɗin hawa su ne kuma suka fi laima. Mai hawa a Bleau ya zama tilas ya san iska: wace kwana ce ke bushewa da wuri, wane tudu ne iska ke bugawa, awa nawa dutse ke buƙata bayan yayyafi.

Daga nan aka samo al'adu biyu da suka zama alamar 'yan Bleau. Na farko shi ne guntun dardumar nan ta goge ƙafa, saboda yashi ko laima kaɗan a tafin takalmi ya isa ya kayar da mutum. Na biyu kuma shi ne abin da suke kira pof: garin ƙaron itace da ake ƙullewa a tsumma, a riƙa bugawa a jikin dutse da tafin takalmi don a kori laima a ƙara manni. Farin allin da ake gani a hannun masu hawa yau ya zo ne daga baya, ta hannun Ba'amurke John Gill a shekarun 1950. Katifar da ake shimfiɗawa a gindin dutse kuma sai a shekarun 1990 ta yaɗu. A zamanin Allain, wanda ya faɗo yashi ne ke tarbarsa, idan ya yi sa'a bai sauka a kan saiwa ko wani dutsen ba.

Shi da abokansa sukan shiga jirgin ƙasa daga Paris ranar Asabar, su sauka a tashar Bois-le-Roi, su taka zuwa yankin Cuvier. A ƙarƙashin duwatsu masu rumfa suke kwana, su hura wuta, su wayi gari da raɓa a jikin bargo. Da gwamnatin Faransa ta kawo dokar aikin awa 40 a mako da hutun mako biyu mai albashi a 1936, sai ma'aikatan masana'antu suka fara cika wurin, abin ya daina zama na ɗalibai da 'ya'yan masu hali kaɗai.

A 1934 Allain ya hau wata kusurwar dutse a Cuvier Rempart wadda har yau take ɗauke da sunansa, Angle Allain. A ido ba komai ba ce, kamar kusurwar ɗaki ce mai santsi da ba ta fi 'yan mitoci ba. Hawanta kuwa sai an karkata jiki gefe, hannu na jan kusurwar, ƙafa na tura bango, a kan wuraren da ido ba ya ma gani sosai. Maki 5+ aka ba ta a ma'aunin Fontainebleau, abin da a yau ake ɗauka matsakaici ne. Duk da haka, ƙarfafan samari da suka saba da ɗakunan atisaye na zamani suna zuwa su sha ƙasa a gindinta.

Kwana biyu a bangon Dru

Da a ce a daji abin ya tsaya, da babu wanda zai damu da shi a Chamonix. Amma Allain ya ɗauki abin da ya koya ya kai shi inda ake mutuwa.

Shekarun 1930 lokaci ne na tsere a Alps. An riga an hau duk manyan ƙololuwa ta hanyoyi masu sauƙi, saura bangayen arewa, masu tsayi, duhu da ƙanƙara, waɗanda rana ba ta cika leƙawa ba. Jamusawa 'yan gida ɗaya, Franz da Toni Schmid, sun hau na Matterhorn a 1931. Italiyawa ƙarƙashin Emilio Comici sun hau na Cima Grande a 1933. Gwamnatocin Hitler da Mussolini na amfani da irin waɗannan nasarori wajen farfaganda, Faransa kuma tana baya. A farkon bazarar 1935 ma wasu Jamusawa biyu suka riga kowa hawa bangon arewa na Grandes Jorasses, wanda ke cikin ƙasar Faransa kanta.

Allain ya riga ya nuna alama a 1933, lokacin da shi da Robert Latour suka buɗe sabuwar hanya a Aiguille du Fou. Amma aikin da ya sa sunansa a tarihi shi ne Petit Dru, wani tsinin dutse mai tsayin mita 3,700 da ɗoriya da ke kallon kwarin Chamonix. Bangonsa na arewa ya haura mita 800, kuma wasu sun gwada sun dawo.

Ranar 31 ga Yulin 1935 Allain ya shiga bangon tare da Raymond Leininger, shi ma ɗan Bleau. Suka kwana a jikin dutsen, suka fito sama washegari, 1 ga Agusta. Wurin da ya fi wuya wata tsaguwa ce can sama, a miƙe, wadda aka sa wa suna tsaguwar Allain. An lissafa ta cikin wurare mafi wuya da aka taɓa hawa a wannan sashe na Alps a lokacin, har masu zuwa daga baya suka nemo wata tsaguwar a gefe suna kauce mata.

Hikimar a nan take. Bango mai mita 800 ba duka ne ke da wuya ba. Yawancinsa ƙwararre zai wuce. Abin da ke mayar da mutane gida shi ne mita huɗu ko biyar a wani wuri guda, inda babu abin kamawa. To mita huɗu ko biyar ɗin nan su ne abin da Allain ya shafe shekaru yana maimaitawa kowace Lahadi, yana faɗuwa a yashi yana tashi, sau ashirin, sau talatin a kan motsi ɗaya. Jagoran Chamonix ba shi da damar faɗuwa sau talatin, domin a tsauni sau ɗaya ake faɗuwa. Ɗan Paris ya zo da ilimin da ba a iya koyonsa sai a inda faɗuwa ba ta kisa.

A wannan bazara dai shi da Leininger suka ƙara da Dent du Caïman da kuma sabuwar hanya a bangon kudu na Meije. Daga nan raini ya ragu. Yau ana lissafa bangon arewa na Dru cikin manyan bangayen arewa shida na Alps, kuma shi ne wanda Faransawa suka fara hawa.

Karakoram, sannan yaƙi

A 1936 Faransa ta tura tawagarta ta farko zuwa manyan tsaunukan Asiya, ƙarƙashin Henry de Ségogne. Sun nufi Hidden Peak, wanda ake kuma kira Gasherbrum na Ɗaya, mai tsayin mita 8,080 a yankin Karakoram da ke cikin Pakistan ta yau. Allain na cikin waɗanda ke kan gaba wajen buɗe hanya. Sun haura mita 6,800 kafin dusar ƙanƙara ta rufe su kwana da kwanaki, dole suka juyo. Sai a 1958 wasu Amurkawa biyu suka kai ƙololuwar. Abin da ya rage na tafiyar shi ne fim ɗin da Marcel Ichac ya ɗauka mai suna Karakoram.

Irin wannan tafiya mai ɗaruruwan 'yan dako da tan-tan na kaya ba ta yi kama da halin Allain ba. Duk abin da ya ƙirƙira a rayuwarsa ya karkata ne ga rage nauyi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Jamus ta mamaye Paris a 1940, aka raba Faransa gida biyu da layin da ba a tsallakawa sai da takarda. Zuwa Alps ya zama wahala. 'Yan Paris suka koma dajinsu, kuma shekarun nan na ƙunci su ne suka ɗaga matsayin hawa a Bleau fiye da kowane lokaci a baya. Matasa suka taru a kusa da Allain, wanda ya girme su da shekara goma sha biyar zuwa ashirin, har suna kiransa Tsoho.

Da aka gama yaƙi sai sakamakon ya fito. A 1946 René Ferlet ya hau Marie-Rose a Bas Cuvier, dutse na farko da aka ba maki 6a a dajin. A wannan shekara kuma Allain, yana da shekara 42, ya ja Ferlet da Jacques Poincenot da Guy Poulet suka hau hanyar Walker a Grandes Jorasses, su ne na uku da suka taɓa yin haka. A 1947 Fred Bernick ya ɗauki fenti ya jera duwatsu masu yawa da kibiyoyi a Cuvier Rempart, yadda mutum zai bi su ɗaya bayan ɗaya har ya tara tsawon hawan tsauni guda. Wannan tsari na zagaye mai launi-launi shi ake bi a dajin har gobe.

Lokacin da Faransa ta haɗa tawagar Annapurna a 1950, wadda ta zama ta farko a duniya da ta hau tsauni mai mita 8,000, babu sunan Allain a ciki. Yana da shekara 46. Suna da ɗaukaka suka tafi ga Maurice Herzog da Louis Lachenal. Amma yaran da suka taso a gindinsa sun bazu duniya. Guido Magnone ya hau Fitz Roy a Ajantina tare da Lionel Terray a 1952, tafiyar da Poincenot ya nutse a kogi tun kafin a isa tsaunin. A 1954 Ferlet ya jagoranci wasu 'yan Paris, cikinsu har da Robert Paragot da Lucien Bérardini, suka hau bangon kudu na Aconcagua, tsauni mafi tsayi a nahiyar Amurka, da yawansu suka dawo sanyi ya cinye musu yatsu.

Takalmin PA

Ko da Allain bai taɓa hawa Dru ba, da takalmi kaɗai ya isa a tuna da shi.

Masu hawa na wancan lokaci manyan takalma masu ƙusoshi a tafi suke sawa. A kan ƙanƙara da ciyawa suna da amfani. A kan dutse mai santsi kuwa kamar mutum ya ɗaura kofato ne, ga shi suna kankare dutsen. Wasu kan sauya zuwa takalmin zane mai tafin igiya, wanda ke saurin lalacewa kuma ba ya tsayawa a kan ƙaramin ƙurji. A Italiya, Vitale Bramani ya fito da tafin roba mai gurbi-gurbi mai suna Vibram a 1937, bayan wani hatsari da ya kashe abokansa shida. Wannan ya magance matsalar tsauni, amma bai magance ta Bleau ba.

Allain ya bi ta wata hanya dabam. Tunda a dajin manni ne komai, to a cire gurbi gaba ɗaya, a bar roba sumul yadda duk faɗinta zai taɓa dutse. Takalmin ya matse ƙafa kamar safa, robar ta nannaɗo har gefe da kan yatsu don a iya cusa ƙafa a tsaguwa. Ya fara gwaji tun shekarun 1930, kuma a 1948 takalmin ya shiga kasuwa da haruffan sunansa, PA. A shagonsa na kayan hawa da ke titin Saint-Sulpice a Paris ake sayar da shi, shagon da ya zama majalisar masu hawan dutse na birnin.

Wani mai sana'ar takalma da ake kira Bourdonneau, wanda suka yi aikin tare, ya ci gaba da ƙera irinsa da tambarin EB, kuma EB ɗin ce ta mamaye kasuwar duniya har farkon shekarun 1980, lokacin da kamfanin Boreal na Sifaniya ya zo da roba mai ɗanko. A harkar ciniki ke nan wani ya fi cin moriyar. Amma a Ingila an yi shekaru masu hawa na kiran duk wani takalmin hawan dutse PA, ko wane ne ya ƙera shi, kamar yadda ake kiran kowane garin wanki Omo. Takalmin da 'yan wasa suka sa a gasar Paris ta 2024 jikan wancan ne kai tsaye.

Bai tsaya a ƙafa ba. Ƙugiyar da ake maƙala igiya da ita ta ƙarfe ce a lokacin, mutum ya rataya ashirin a ƙugu ya ji kamar ya ɗauki buhu. Allain ya ƙera ta da gaurayen alminiyam, nauyi ya ragu sosai. Ya ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe da ake zura igiya a ciki wajen saukowa, a maimakon tsohuwar dabarar naɗa igiya a cinya da kafaɗa wadda ke ƙona fata. Ya kuma tsara kayan kwana a jikin tsauni: rigar gashin tsuntsu, gajeren buhun barci da ke rufe ƙafa zuwa ƙugu, da doguwar rigar ruwa da ake jefawa a kansu duka. Kwanan da ya sha a ƙarƙashin duwatsun Cuvier cikin raɓa da yayyafi bai tafi a banza ba. Da irin waɗannan kaya mutum biyu za su iya shiga bango da ƙaramar jaka, su kwana, su tashi da sauran ƙarfi.

Littafin da ya tayar da ƙura

A 1949 ya wallafa littafi mai suna Alpinisme et compétition, wato hawan tsauni da gasa. Sunan kansa tsokana ne. Dattawan harkar sun fi son a ce ana hawan tsauni ne don ɗaukakar ruhi da son kyawun halitta, gasa kuma abin kunya ce da ta dace da 'yan dambe da masu tseren keke. Allain ya ce a daina ɓoye-ɓoye. Kowa na son ya riga wani, kowa na auna kansa da na kusa da shi, kuma wannan kishi shi ke ciyar da hawan gaba. A Bleau ma ba a ɓoye shi: mutum ya faɗo, na bayansa ya taka ya hau a gabansa, ana dariya.

A cikin littafin ya kuma fito da wani abu da ya fi wancan nisa. Ya nuna cewa shi da abokansa ba don shirin Alps kaɗai suke zuwa dajin ba, suna son hawan ƙananan duwatsun ne don daɗin kansa. A bakin mutumin da ya hau bangon Dru, wannan magana tana da nauyi. Ba za a ce masa ya faɗi haka ne don tsoron tsauni ba.

Za a iya cewa tarihi ya gaskata shi fiye da yadda shi kansa zai so. Gasar da ya kare a takarda ta koma cikin ɗakuna, a kan bangon katako da mariƙan roba masu launi, da alƙalai da agogo da masu tallafawa da kuɗi. Miliyoyin masu yin wasan a yau ba su taɓa shafa dutse don jin ko ya bushe ba. Ya sake fitar da wani littafin, L'art de l'alpinisme, a 1956. A shekarun 1960 ya bar Paris ya koma Uriage kusa da Grenoble, a gindin tsaunukan da ya yi ƙuruciya yana mararin zuwa, ya ci gaba da ƙera ƙugiyoyinsa a ƙaramar maƙera. A can ya rasu ranar 19 ga Disamban 2000, saura kwanaki kaɗan ya cika shekara 97.

Ma'aunin da aka fara a dajin ya ci gaba da hawa bayansa. Paragot da Michel Libert sun kai shi mataki na 7 a tsakanin shekarun 1950 da 1960, Jacky Godoffe ya buɗe 8a na farko a 1984, kuma da ma'aunin Fontainebleau ake auna irin wannan hawa a mafi yawan ƙasashen Turai.

Yawan jama'a ya kawo wa dajin matsalar da su Allain ba su sani ba. Dutsen yashi yana shan ruwa, kuma idan ya jiƙe ƙarfinsa na raguwa. Ɗan bakin da ya ɗauki nauyin mutane shekara 70 yana iya ɓallewa a hannun mutum ɗaya da ya ƙi haƙuri bayan ruwa, kuma idan ya ɓalle shi ke nan, hanyar ta sauya har abada. Saboda haka ƙungiyoyin masu hawa da hukumar kula da dazuzzukan Faransa ke ta roƙon baƙi kada su hau jiƙaƙƙen dutse, su kuma goge ƙafa kafin su taka, domin yashin da ke tafin takalmi yana cin dutsen kamar magagari. Shi kansa pof ɗin yanzu ana jayayya a kansa, wasu na cewa ƙaron ne ke toshe ƙwayoyin dutsen ya mayar da shi gilashi.

A can Chamonix, Petit Dru ya yi ta zubewa. A 2005 wani babban ɓangare na bangonsa na yamma ya rufto, ya tafi da shahararriyar hanyar da Walter Bonatti ya buɗe shi kaɗai a 1955. Angle Allain tana nan a Cuvier Rempart yadda ya bar ta, sai dai wuraren taka ƙafar sun yi baƙi suna ƙyalli saboda yawan takawa, abin da ya sa ta fi wuya yanzu a kan yadda take a 1934.